Daga Nima zuwa kilomita 90: amsa ga mai son shiga gudun dogon zango

Tambaya: "Salamu alaikum Yaya. Ni ɗan Nima ne, shekarata 29, ɗinki nake yi a Maamobi. Tun ina yaro nake buga ƙwallo a filin Kawukudi. Bara na shiga gudun kilomita 21 a nan Accra, na gama cikin awa ɗaya da minti 52. Yanzu na ga gudun Comrades na Afirka ta Kudu a waya, raina ya biya, ina so in je a watan Yuni mai zuwa, saura wata bakwai. Yaya zan yi atisaye? Me zan riƙa ci? Ga azumi zai faɗo a tsakiya. Wani abokina a majalisarmu ta shayi kuma ya ce akwai ƙwayar da ke hana mutum jin gajiya."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, don kada in ɓoye maka shi sai ƙarshe: ka ɗage tafiyar nan da shekara guda. Wata bakwai ya ishe ka ka tara kuɗin jirgi, ka ɗinka wa kanka riga mai tutar Ghana, ka tsaya a layin tashi. Bai isa ya kai ka ƙarshen hanya da ƙafafunka ba. Wata goma sha tara kuwa, in Allah ya ba da lafiya, ya isa har da rara. Na fi shekara goma sha biyar ina wannan wahalar da muke ce wa wasa, samari da dama sun bi ta hannuna, kuma har yau ban ga wanda jinkiri ya cuta ba. Waɗanda gaggawa ta kwantar kuwa, na daina ƙirga su.

Ko da ma ban hana ka ba, masu shirya gasar za su tare ka a ƙofa. Ba a shiga Comrades sai mutum ya nuna shaidar ya gama cikakken gudun fanfalaki, wato kilomita 42 da mita 195, a gasar da suka yarda da ita, cikin lokacin da bai kai awa biyar ba. Kai rabinsa ka taɓa yi. Duk tseren da ya zarce wannan tsawon shi ake kira gudun dogon zango, Turawa su ce altiramaraton. Akwai na kilomita 50, akwai Two Oceans na birnin Cape Town mai kilomita 56, akwai na 100, akwai wanda ake yi a hamadar Maroko tun 1986, kusan kilomita 250 cikin mako guda, kowa da abincinsa a goye. Comrades ya girme su duka. An fara shi a 1921, tsakanin Durban da ke bakin teku da Pietermaritzburg da ke kan tudu, bana a hau, baɗi a gangaro. Tsawonsa na kaiwa kilomita 86 zuwa 90 gwargwadon hanyar da aka bi a shekarar. In kana son ka ji shi a jikinka, ka ɗauka ka fito daga Nima da asuba a ƙafa, ka haye duwatsun Akuapem, ba ka tsaya ba sai wajen Koforidua.

Awa 12 ake bayarwa. In lokacin ya cika, wani jami'i zai juya wa masu zuwa baya ya harba bindiga, wanda ya rage masa taku biyu ma ba shi da lambar yabo. A hanya kuma akwai wuraren da in ba ka wuce su kan lokaci ba, mota za a saka ka. Yi lissafi da kanka: awa 12 a kilomita 90 ya kama minti takwas kowace kilomita. Na san dariya za ka yi, kai da ka yi kilomita 21 kana cin kowace ɗaya a minti biyar da 'yan daƙiƙu. Wannan dariyar ce ke cika motar kwasar waɗanda suka gaza. Minti takwas ɗin nan a cikinsa za ka hau tudu, ka shiga bayan gida, ka ci abinci, ka gyara safa, ka yi amai in ya zo. Tete Dijana, wanda ya zo na ɗaya a maza, ya gangaro hanyar a 2023 cikin awa 5 da minti 13 da daƙiƙa 58, Gerda Steyn a ɓangaren mata ta yi awa 5 da minti 44 a ranar. Ka kalle su ka yaba, amma kada ka yi koyi da su. Mafi yawan jama'a a awa biyun ƙarshe suke shigowa, kuma cikinsu za ka kasance.

Kullum in zan fahimtar da yaran zango wannan gudun, kakanninmu nake kawo musu. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, watanni suke yi a hanya, kuma ba mai ƙarfin gudu ake ba madugu ba. Wanda ya san inda ruwa yake, ya san yaushe za a tashi, yaushe za a sauke kaya, ya san jakin da zai gaza tun kafin ya gaza, shi ke gaba. Sunan unguwanninmu ma daga nan ya fito, wurin da ayari ke yada zango. To wannan gudun fatauci ne. Numfashi ba ya cika kayar da mutum a cikinsa. Abubuwa uku ke kayarwa: cinya ta ƙi ɗauka, ciki ya ƙi karɓar abinci, ko zafi ya dafa mutum. Duk atisayenka a kan waɗannan ukun zai tsaya.

Babbar matsalarka ƙwallo ce. Ɗan ƙwallo ya saba da a fizga, a tsaya, a sake fizga, kuma in bai dawo gida yana haki ba gani yake bai yi komai ba. Sai ka kashe wannan ɗabi'ar. Kashi huɗu cikin biyar na gudunka a mako ya zama mai sauƙin da za ka iya yin hira da na kusa da kai, jimla cikakkiya, ba kalma ɗaya-ɗaya ba. In kai kaɗai ne, gwada karanta Fatiha a bayyane. In sai ka yanke aya don ka ja numfashi, ka yi sauri, rage. A irin wannan saɓi-zarcen ne jiki ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yake koyon ƙona kitse maimakon ya cinye ɗan sukarin da ya tara. Za ka ji kunya makonnin farko, tsofaffin ƙungiyoyin motsa jiki za su wuce ka a titin Kanda suna waƙa. Ƙyale su.

Dalilin da ya sa na ce shekara guda da rabi, ga shi. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin mako shida zuwa takwas za ka ji ka zama doki. Ƙashi da jijiya da agara kuwa watanni suke ɗauka. A wannan tazarar ake samun rauni: inji ya yi ƙarfi, ƙafafun mota ba su kai ba. Yaro zai zo mini yana nuna wuri ɗaya a ƙwaurinsa da ɗan yatsa, in an danna ya yi tsalle, in ya yi ɗingishi a ƙafa ɗaya ya ji kamar an soka masa allura. Sau da yawa tsagewar ƙashi ce, kuma hutun wata biyu ke nan ko fiye. Ciwon da ya bazu a tsoka, ya lafa in jiki ya ɗumama, ba komai. Wanda ya tsaya wuri guda, yake ƙaruwa kana cikin gudu, ko ya canja maka taku, a tsaya a je asibiti.

Ga yadda zan raba maka watannin. Shida na farko, gudu sau huɗu a mako, ka taso daga kilomita 30 a mako har ka zauna daram a 50, kana ƙara kaɗan-kaɗan, kuma kowane mako na huɗu ka rage kusan kashi ɗaya cikin uku don jiki ya gyara kansa. Wannan makon ragin shi samari ke tsallakewa, alhali a cikinsa ƙarfin ke shiga. Daga nan sai wata huɗu na shirin fanfalakinka na farko, dogon gudun ƙarshen mako ya riƙa tsawo har ya kai kilomita 30 zuwa 32. Ka yi ƙoƙari wannan zangon ya faɗo a Yuli da Agusta, lokacin da Accra ta fi sanyi. In ka gama fanfalaki, ka huta mako biyu zuwa uku, sannan a shiga ainihin aikin: kilomita 60 zuwa 80 a mako, da gudun kilomita 50 ko 55 sau ɗaya ko biyu, na ƙarshe ya kasance saura mako biyar ko shida a yi gasa. Ba a gwada kilomita 90 a atisaye. Abin da ake yi a madadinsa shi ne a haɗa kwana biyu: Asabar awa uku ko huɗu, Lahadi awa biyu a kan gajiyayyun ƙafafu. Safiyar Lahadin nan ita ta fi kama da kilomita ta 60. Mako uku na ƙarshe kuma ragewa ake yi, har ka ji ƙafafunka na ƙaiƙayin gudu.

Accra shimfiɗe take, Comrades kuwa tudu ne a kan tudu, manya biyar har suna gare su, irin su Inchanga da Polly Shortts. Sa'armu ɗaya, muna da tudun Ayi Mensah. Ka shiga trotro zuwa Madina ka sake wata, ka sauka a tsohon wurin karɓar kuɗin hanya, ka hau zuwa Peduase, in ƙarfi ya samu ka wuce har Aburi. Ranar Asabar da sassafe za ka tarar da jama'a kamar ana rabon kuɗi. Kowa hawan yake yabo, yana ɗaukar hoto a sama. Ni gangarowar nake so ka kula da ita. In kana gangara, tsokar gaban cinya tana aiki ne tana miƙewa a lokaci guda, tana yi maka birki, kuma wannan ne ke yayyaga zarenta. Shi ya sa bayan gudun gangara za ka ga ƙato yana sauka daga bene da baya. Abin daɗin shi ne tsokar na koyo: in ka ba ta wannan wahalar sau ɗaya duk mako biyu, ɓarnar na raguwa ƙwarai. Gajeren taku, kada ka jefa diddige can gaba, kada ka saki jiki kamar an tunkuɗo ka. Sau biyu a mako kuma, ko a shago ne bayan ka tashi daga kan keke, ka yi tsugunne-tashi, ka hau benci da ƙafa ɗaya ka sauko a hankali, ka yi ɗage a bakin matakala. Minti ashirin ya isa. Mai wuni a zaune a kan keken ɗinki ƙugunsa na ɗaurewa, kai ka fi kowa bukatar wannan.

Ka koyi tafiya kuma. Da gaske nake. A wannan gudun tafiya dabara ce, har waɗanda ke gamawa da wuri suna taka tudu da ƙafa. Ka saba tun yanzu: gudu minti tara, tafiya minti ɗaya, ko kuma duk tudun da ya sa ka fara haki ka taka shi da sauri, hannu na aiki. Wanda ya fara tafiya tun yana da ƙarfi shi ya zaɓa. Wanda ya jira sai da jiki ya tilasta masa, da wuya ya sake tashi.

Yanzu zafi, inda na fi so ka buɗe kunne. Matsalar Accra ba rana kaɗai ba ce, danshin iska ne. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata, a nan kuwa da asuba iskar a jiƙe take, gumin sai dai ya tsiyaye cikin takalmi. Don haka dogon gudu a fara shi da an sallame sallar asuba, a gama kafin tara in zai yiwu, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Jiki na sabawa da zafi cikin kwana goma zuwa sha huɗu, amma sabo ba rigakafi ba ne. In abokin gudunka ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, ko ya fusata ba dalili, kada ka tsaya jiran mota: a kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwan sanyi da ƙanƙara a duk jiki, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Sanyayawar ce farko.

Ka auna guminka, kada ka yi ƙiyasi. Hau sikeli ba kaya kafin ka fita, ka yi gudun awa guda, ka goge jiki ka sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce, ka ƙara da abin da ka sha a hanya. Ledar fiyawota rabin lita ce, lissafin ba wuya. A garin nan mutum na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. Amma kada ka ce sai ka mayar da duka kana cikin gudu, ciki ba zai iya ba, kuma a nan ne na taɓa kusa halaka kaina.

Wata shekara cikin Maris muka tashi daga Madina mu huɗu da nufin cika kilomita 60 ta kan dutse. An cika mini kunne da a sha ruwa, a sha ruwa, sai na ɗaura wa kaina doka: duk kiyos ɗin da muka wuce sai na fasa leda biyu, ko ina jin ƙishi ko ba na ji. Abinci kuwa ban kula ba. Bayan awa biyar na ga zoben azurfar da ke hannuna ya nutse cikin yatsa, igiyar agogo ta yi mini shaida a wuyan hannu. Ciki na ƙugi kamar jarka rabin cika a bayan babur. Kai ya ɗau sarawa, zuciya na tashi. Na ce ai rashin ruwa ne, na ƙara leda biyu. Allah ya sa cikinmu akwai wanda ya yi aikin jinya, ya dubi yatsuna ya fizge ledar ya jefar, ya tare tasi. A asibiti aka auna jini aka ce gishirin jikina ne ya yi ƙasa, ruwa ya tsinka shi. Da na hau sikeli, na fi nauyin da na fito da shi daga gida. Wannan cutar an san ta. Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town ya yi rubutu a kanta tun 1985, kuma cikin waɗanda ya kawo labarinsu har da wata mata da abin ya same ta a Comrades ɗin nan da kake so. In ta yi tsanani ƙwaƙwalwa ke kumbura, ana mutuwa. Kuma masu tafiya a hankali ta fi kamawa, don su ke da lokacin tsayawa a kowane teburin ruwa. Ka sha in ka ji ƙishi. Ga yawancin mutane leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa ta wadatar, sauran ka zuba a ka da wuya. In gudu ya wuce awa biyu, ka haɗa da abu mai gishiri, ko ruwan gishiri da sukari na kemis, a dama shi yadda aka rubuta a jikin ledar.

Abinci kuwa, ka fahimci rumbun tukuna. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai fi rabin kilo ba, kuma in ana gudu da ƙarfi, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya ƙare. Kai kuma awa goma sha ɗaya za ka yi a hanya. Dole ka ci kana tafe, giram 40 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari kowace awa, kuma ka fara tun minti 30 na farko, tun ba ka ji yunwa ba. Ba sai ka sayi 'yan ledojin zuma-zuma na Turawa masu tsada ba. Ayaba matsakaiciya ɗaya ta ba ka giram 25. Dabino ƙanana biyar, kusan haka. Cokalin zuma babba, giram 17. Dafaffen dankali ko doya da ɗan gishiri, a ƙulle a leda, ya fi komai daɗi bayan awa shida, lokacin da zaƙi ya gundure ka. A Comrades ma dafaffen dankalin Turawa mai gishiri ake miƙa wa mutane a bakin hanya. Coca-Cola rabin kofi a awannin ƙarshe tana tayar da matacce. Abin da za ka guje wa kana cikin gudu shi ne mai da yaji da wake. Ƙosai da waakye da shito, a bari sai an dawo. Kafin fita, koko da burodi ko ɗan masa ya isa, awa ɗaya da rabi kafin ka fara in ka samu hali.

Shi ma ciki horar da shi ake yi. In kana gudu jini na barin hanji ya tafi ƙafa da fata, shi ya sa abinci ke tsayawa a ƙirji. Duk dogon gudun Asabar ka mayar da shi gwajin ci: abu kaza, a lokaci kaza, ya zauna ko bai zauna ba, ka rubuta a littafin awon kwastomominka in ba ka da wani. Ranar gasa ba a ɗanɗana sabon abu. In zuciya ta tashi a hanya, rage sauri, taka minti biyar, jiƙa kai, yi ƙananan kurɓa. Yawanci tana kwantawa.

Maganar abokinka. Na san ƙwayar da yake nufi, duk zango an san tramol, kuma mun ga abin da ta yi wa yaranmu. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, amma ko da ba a haramta ba, ba ta cire gajiya, kashe ƙararrawar kawai take yi gidan na ci da wuta. Tana kawo jiri da amai, tana iya jawo farfaɗiya, ga kama mutum har ya kasa barinta. Waɗanda ma suka fi ba ni tsoro su ne na kemis da kowa ke ɗauka ba komai ba, ibuprofen da diclofenac. A dogon gudu ƙoda na cikin matsi: jini ya ragu gare ta, ga dattin tsokar da ta farfashe tana tacewa. Waɗannan magungunan suna ƙara rage mata jini. Kada ka sha su kafin gudu, ko cikinsa, ko da ka gama. In bayan dogon gudu ka ga fitsarinka ya yi kalar shayin da ba madara, ko ka wuni bai zo ba, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Kafin ka ƙara ko kilomita ɗaya, je ka yi gwajin sikila ka san rukuninka, a auna hawan jini, in da hali a duba zuciya. Masu ɗauke da rabin sikila suna da yawa a ƙasar nan, da yawansu ba su sani ba. Ba ta hana wasa, amma mai ita dole ya fi kowa kiyaye zafi da ƙishi da fizgar ƙarfi farat ɗaya. Zazzaɓi kuma, na sauro ne ko na mura, ba a gudu da shi. Masu cewa a fita a yi gumi ya fita, zuciyarka suke sa wa a caca. Ka gama magani, ka ƙara kwanaki, ka dawo da tafiya tukuna.

Azumi bai ɓata shiri ba in ka ɗauke shi watan riƙe abin da ka tara. Rage kilomitocinka zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku. Ƙaramin gudu na minti 30 zuwa 40 ka yi shi dab da magariba, ka gama ana kiran salla, ruwa na jiranka. Mai tsawo kuma bayan tarawihi, a wuri mai haske da ka sani, irin cikin jami'ar Legon, ka zagaya ka dawo inda ka ajiye ruwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dogon gudu bayan sahur, ka zubar da lita uku sannan ka wuni a shago har faɗuwar rana. Ka lura kuma azumin waɗannan shekarun yana faɗowa ne cikin zafin Fabrairu da Maris. Goman ƙarshe in barci ya yi ƙaranci, bar gudun, ba abin da zai ragu a kwana goma da ba za ka mayar ba bayan Salla.

Takalmi, a taƙaice: ya fi ƙafarka da faɗin babban yatsa a gaba, don ƙafa na kumbura, in ba haka ba farata za su yi baƙi su zube. In na gwanjon Kantamanto za ka saya, kada kyan sama ya ruɗe ka, danna katifar ƙasan, in ta yi tauri ko ta yi layi-layi ta mutu. Sabo ma kilomita 600 zuwa 800 yake yi. Rigar auduga tana shan gumi ta goge fata. Kai tela ne, ka san yadin da ba ya riƙe ruwa, ka kuma san inda ɗinki ke ci. Man kaɗanya a cinyoyi da hammata da tsakanin yatsu, filasta a kan nono. A titi ka bi hannun hagu kana fuskantar motoci, da tocila a goshi, ido a kan kwata. Direban trotro da ya hango fasinja ba ya ganin kowa.

Ranar kanta, in Allah ya kai mu. Tun Nuwamban 2023 mai fasfon Ghana ba ya bukatar biza don gajeriyar ziyara a Afirka ta Kudu, wannan ya rage maka wahala ɗaya. Yuni can lokacin sanyi ne, in daga Pietermaritzburg aka tashi za ka ji sanyin da ba ka taɓa ji ba ko a tsakiyar hunturu, ka tafi da tsohuwar rigar sanyi da za ka yar in rana ta fito. Sanyin nan tarko ne ga ɗan Accra: jiki zai yi maka sakayau, ka ga kana tashi sama ba gumi, ka ci kilomita 30 na farko da saurin da za ka biya da kuka. Rabin hanya wajen Drummond yake. In ka isa can kana jin ka yi ragwanci, daidai kake. Wajen kilomita 60 zuwa 70 wata murya za ta zo ta ce maka wa ya aike ka, ga mota can, ga inuwa. Kowa tana zo masa. Sau da yawa yunwa ce ta sa rigar tunani, ka ci wani abu ka ba ta minti ashirin. Kada ka lissafa abin da ya rage, ka nemi teburin ruwa na gaba kawai, zango ɗaya. Azahar da La'asar za su same ka a hanya, ka tambayi malaminka hukuncin matafiyi tun kana gida, ka kuma saka mintunan a lissafinka.

Aikin wannan makon dai kaɗan ne. Ka yi gwajin jinin. Ka yi awon gumi sau biyu, ɗaya da asuba ɗaya da yamma, ka rubuta lambobin. Ranar Asabar ka hau Ayi Mensah zuwa Peduase, ka taka rabin hawan da ƙafa ko da kana jin za ka iya gudu, ka gangaro a hankali, da dabino biyar a aljihu. Ranar Litinin ka rubuto mini yadda cinyoyinka suka kwana, daga nan zan san inda za mu fara.